Ciwon Mai Magani: Iyakar Aiki da Buɗe Zuci ga Masu Ba da Shawara a Jibiya

Sana'ar da a yau ake kira horar da rayuwa, wadda matasa suka fi sanin mai yin ta da sunan kocin rayuwa saboda sabon da suka yi da kalmar koci a fagen ƙwallon ƙafa, sana'a ce ta zama da mutum a taimaka masa ya tantance abin da yake son cimmawa a aurensa ko nemansa ko karatunsa, sannan a bi shi da tambaya da ƙarfafa gwiwa har ya ɗauki matakin da shi da kansa ya zaɓa. Ta bambanta da aikin likitan ƙwaƙwalwa, wanda yake gano cuta ya rubuta magani, ta kuma bambanta da fatawar malami, wadda take bayyana hukunci ko mai tambaya ya so ko bai so ba. Duk da haka ukun sun yi tarayya a abu guda, wato ɗaya yana zuwa da buƙata ya kwance cikinsa, ɗayan kuma yana zaune a mazaunin wanda ya sani, kuma daga wannan rashin daidaito ne tambayoyi biyu suke tasowa. Ta farko ita ce ta iyakar aiki, ma'ana layin da yake raba abin da ya shiga hurumin mai shawara da abin da bai shiga ba, na daga lokaci da wuri da kuɗi da kusanci. Ta biyu ita ce ta buɗe zuci, wato ko ya dace wanda aka kawo wa kuka ya nuna cewa shi ma yana da nasa ciwon, kuma in ya dace, gwargwadon yaya. Garin Jibiya, da ke bakin iyakar Jihar Katsina da Jamhuriyar Nijar, wuri ne da waɗannan tambayoyi suke da nauyin da ba su da shi a ofisoshin Landan ko Legas, domin a nan mai sauraro da wanda ake saurara sukan kasance dangin juna, kuma sau da yawa masifa guda ce ta taɓa su.

Masana halayyar ɗan Adam na Turai da Amurka sun shafe fiye da ƙarni suna jayayya a kan batun. Sigmund Freud, a shawarwarin da ya rubuta wa likitoci a 1912, ya nemi mai jiyya ya zama kamar madubi, kada mara lafiya ya ga komai a tare da shi sai abin da shi ya kawo. Carl Rogers ya sassauta wannan a 1957, inda ya sanya gaskiyar mai shawara, ma'ana kada abin da yake nunawa ya saɓa wa abin da yake ji, cikin sharuɗɗan da sai da su taimako yake tasiri. Sidney Jourard kuma ya nuna a 1964 cewa buɗe ciki yana jawo buɗe ciki, domin duk wanda aka ba asiri yakan ji nauyin mayar da nasa. Horar da rayuwa ta taso ne daga baya, daga filin wasanni da ofisoshin kamfanoni, ta hannun mutane irin su Timothy Gallwey da John Whitmore da Thomas Leonard, wanda ya kafa ƙungiyar masu horarwa ta duniya, ICF, a 1995. Jawabin da Brené Brown ta yi a Houston a 2010, wanda miliyoyin mutane suka kalla a intanet, ya taimaka wajen mayar da nuna rauni abin yayi a cikin sana'ar, har aka wayi gari masu horarwa da yawa suna ganin ba za a yarda da su ba sai sun fara da labarin faɗuwarsu. Ita kanta Brown ta sha nanata cewa buɗe zuci maras iyaka ba shi take nufi ba, sai dai wannan rabin maganar bai yi nisan da rabin farko ya yi ba.

Rabe-raben da ya fi amfani a cikin wannan muhawara shi ne wanda Thomas Gutheil da Glen Gabbard suka yi a 1993, tsakanin ƙetare iyaka da keta iyaka. Ƙetarewa ita ce fita daga ƙa'idar da aka saba domin amfanin wanda ake taimako, ketawa kuwa fita ce domin biyan buƙatar mai taimakon, ko sha'awa ce ko kuɗi ko neman a tausaya masa. Mutumin Jibiya ba ya buƙatar dogon bayani a kan haka, tunda ya san bambancin wanda ya bi ta mashigar iyaka ta Magama da rana tsaka ya tsaya a gaban jami'an shige da fice ya wuce Ɗan Isa ta Nijar biki ya dawo, da wanda ya bi barauniyar hanya da abin da ba ya son a gani.

A Nijeriya an yi dokar kafa majalisar kula da masu sana'ar ba da shawara a 2022, an kuma sanya hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958 da aka gada daga zamanin Turawa. Amma likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, yawancinsu kuma suna manyan birane, kocin rayuwa kuwa a aikace babu mai tambayarsa lasisi kafin ya buɗe aji. Saboda haka masu ɗauke da wannan kaya a Jibiya su ne limamai da malaman Islamiyya, da ungozomomi da ma'aikatan asibiti, da 'yan Hisbah masu sasanta ma'aurata, da 'yan agajin da ƙungiyoyi suka ba horon kwanaki kaɗan, sai kuma sabon rukuni na masu azuzuwan WhatsApp da TikTok da suke koyar da zaman aure ko dogaro da kai a kan kuɗin rajista. Masu neman wanda zai saurare su kuwa sun ƙaru ƙwarai a 'yan shekarun nan. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, aka biyo da hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a Nuwamban shekarar, ba a kuma buɗe mashigar Jibiya ba sai a Afrilun 2022. Juyin mulkin Yamai na 26 ga Yulin 2023 ya sake jawo rufewa har zuwa Maris na 2024, kuma kowace rufewa ta bar direbobi da 'yan dako da 'yan canjin sefa da masu sayar da abinci a Magama hannu rabbana. A daidai wannan tsakani hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka, wasu suka fake a makarantun cikin gari, dubbai daga Katsina da Zamfara da Sakkwato kuma suka tsallaka jihar Maraɗi, inda hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsugunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Chadakori.

Ƙa'idar da ke cikin littattafan sana'a ta ginu ne a kan zaton cewa mai shawara baƙo ne, wanda ake gani sa'a guda a mako a ɗaki mai ƙofa, sannan kowa ya kama gabansa. A Jibiya wannan zato ba ya tsayuwa. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1898 da 1908 ta ratsa jama'a ce guda, Maraɗi ma Katsinawan da suka bar birni bayan jihadi ne suka kafa ta, don haka auratayya da zumunci sun ɗaure gidajen ɓangarorin biyu. Malamar da ta saurari wata mata da safe ita ce za ta haɗu da ita da yamma a gidan suna, mai yiwuwa ma matar kishiyar yayarta ce. Abin da littattafan suke kira dangantaka biyu, wato mutum ya zama mai ba ka shawara kuma maƙwabcinka ko surukinka a lokaci guda, wanda suke gargaɗin a guje masa, shi ne yanayin yau da kullum a nan. Wanda ya ce zai yi aiki da madubin Freud, ya taƙaita gaisuwa, ya ƙi zuwa jaje, ya ƙi cewa uffan game da kansa, za a ce girman kai ke gare shi, kuma ba wanda zai sake kai masa damuwarsa.

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa al'adar da ba ta yarda da nisa ba ba ta san iyaka ba. Dangantakar uwar ɗaki da 'yar ɗakinta, ko ta yaya da ƙanwar rana irin wadda Baba ta Karo ta bayyana wa Mary Smith a littafin da aka buga a 1954, dangantaka ce ta kusanci ƙwarai, amma kuka a cikinta hanya ɗaya yake bi: ƙarama ce take kai wa babba, babba kuma in nata ya taso sai ta nemi ƙawarta ko tata uwar ɗakin. Ƙawance da aminci su ne na tsara, inda ake musayar asiri daidai wa daida, kowa yana riƙe da na ɗan'uwansa. Bahaushe ya ba waɗannan biyun suna daban-daban ne domin ya san hakkinsu daban ne, dattako kuma, wanda ake nema ga duk wanda aka ɗora a gaba, ya haɗa da iya riƙe nasa a ciki yayin da na ƙasa yake sauke nasa. A nan ne ainihin matsalar kocin zamani take, domin yana zaune a mazaunin uwar ɗaki, yana karɓar ladan aiki, amma yana magana da harshen amini.

Ana iya ganin yadda abin yake aukuwa a zama guda. A ɗauki 'yar agaji zaune a kan tabarma a wani ajin makaranta da aka mayar masauki, an jingine bencina a bango, an rataya zannuwa a tagogi, gabanta kuma wata mata ce da aka tafi da mijinta daji wata biyu da suka wuce. Matar tana magana a hankali tana murza bakin mayafinta, har ta kusa kai wa ga abin da ba ta faɗa wa kowa ba, wato dangin mijin suna zarginta da ɓoye wani abu daga kuɗin akuyoyin da aka sayar domin haɗa fansa. A daidai nan 'yar agajin, da kyakkyawar niyya, ta ce: “Wallahi Yaya, ni ma bara aka ɗauke ƙanena, sai da muka sayar da gona,” muryarta kuma ta karye. Abin da zai biyo baya kowane Bahaushe ya san shi, domin tarbiyya ba za ta bar matar ta ci gaba da nata ba alhali ga wata tana hawaye a gabanta, za ta gyara zama ta ce: “Allah sarki Malama, ashe ke ma. Yaya aka ji da haƙuri? Allah ya kiyaye gaba.” Daga nan zaman ya juya, mai neman taimako ta koma mai jaje, maganar kuɗin akuyoyi kuma ta koma ciki, wataƙila ba za ta sake fitowa ba. Wannan ne dalilin da ya sa jagoran agajin farko ga zuciya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011, ya hana mai agaji kawo nasa matsalolin ko labarin wani a irin wannan zama, kuma hanin ya fi ƙarfi a inda kara take da ƙarfi.

Wannan ba ya nufin a rufe baki ɗungum. Carl Jung ya yi magana a kan mai magani da shi ma ya taɓa jin ciwo, Henri Nouwen kuma ya rubuta littafi a kan haka a 1972, kuma akwai gaskiya a ciki wadda ba sai an je Turai ba. Yarinyar da aka dawo da ita daga hanyar ci-rani ta Agadas, wadda take ganin ta zama abin nuni a unguwa, tana iya samun ƙarfin ɗaga kai idan mace mai mutunci a gari ta gaya mata a jimla ɗaya cewa ita ma ta taɓa zaman tsangwama kuma ya wuce. Irin wannan magana gajera ce, ba ta neman amsa, kuma mai yin ta tana mayar da zancen ga yarinyar nan take. An saba cewa a nuna tabo a ɓoye miki, sai dai wannan ma'auni yana zaton masifar ta riga ta wuce, alhali a yankin da har yanzu ake kwana da kunne ɗaya a buɗe, ciwon yawancin masu agaji ɗanye ne, kuma mutum yakan zaci ya warke har sai ya buɗe baki ya ji muryarsa ta ƙi.

Abin da ya fi bambanta lissafin Jibiya da na sauran wurare shi ne farashin asiri. A inda ake zaman ɗar-ɗar saboda masu kai wa 'yan bindiga rahoto, waɗanda ake kira infoma, labarin wanda ya sayar da gona, da nawa aka biya, da ɗan'uwan da yake aiko kuɗi daga Legas ko Saudiyya, labari ne da zai iya sa a sake dawowa gidan. Kocin da ya ba da labarin sace ƙanensa a ajin mutum ɗari a WhatsApp, wanda bai san fuskar rabinsu ba, ya ɗauki asirin mutanen da ba su ba shi izini ba ya raba, ya kuma ajiye shi a saƙon murya da za a iya turawa ko'ina. Labarin mutum ba kasafai yake zama nasa shi kaɗai ba, domin wadda ta ba da labarin mutuwar aurenta ta ba da na tsohon mijinta da na 'ya'yanta tare, kuma wani ɓangarensa yana iya faɗawa cikin abin da addini ya kira giba. Hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya ajiye wanda aka nemi shawararsa a matsayin wanda aka ba amana, kuma mai neman shawara yana auna wannan amana da yadda mai shawara yake riƙe nasa cikin. Matar da ta dawo daga daji da juna biyu, wadda rufin asirinta shi ne zai ba ta damar sake zama cikin mutane, idan ta ga malama tana zazzage cikinta a zaman farko, tana da hujjar tambayar kanta inda nata zai kwana.

Nau'in buɗe zuci mafi hatsari shi ne wanda ya zama talla. Saurayin da a da yake samun na cefane ta ɗaukar jarkokin fetur ko buhunan shinkafa a babur tsakanin Jibiya da ƙauyukan tsallake, wanda cire tallafin mai na 29 ga Mayun 2023 da rufe iyaka suka kashe wa kasuwa, shi ne ya fi saurin kamuwa da labarin “ni ma da haka nake”. Ana nuna masa hoton ɗakin haya da tsohon takalmi, sai hoton mota, sai lambar asusun da zai tura kuɗin rajista. Ko da labarin gaskiya ne, an riga an gyara shi domin ya sayar, kuma abin da Jourard ya lura da shi yana aiki a nan ba tare da saurayin ya sani ba: yana jin an ba shi asiri, saboda haka ya zama amini, amini kuwa ba a neman rasit a wurinsa, ba a kuma ce masa darasinsa bai yi amfani ba. Idan shawarar ta ƙi aiki sai laifin ya koma kan saurayin, tunda ga wanda ya bi hanyar ya tsira yana tsaye a gabansa, alhali rufe iyaka da tsadar mai ne suka durƙusar da shi, kuma himma ba ta buɗe ƙofar Magama.

Batun kyauta ya fi sauƙi fiye da yadda littattafai suke nunawa. Mayar da ƙwai biyar ko ƙullin kuka da tsohuwa ta kawo cin fuska ne, karɓa da godiya da tukwici daidai gwargwado kuwa ƙetarewa ce da ba ta cutar da kowa. Inda ake ketawa shi ne bashi da haɗa jari da shiga adashi tare, domin ranar da kuɗi ya maƙale, mai bin bashi yana riƙe da asirin wanda yake bi. Mas'alar da ta fi wuyar faɗa ita ce ta namiji mai shawara da mace mai rauni, bazawara ko wadda aka kashe wa miji. Shari'a ta hana keɓewa, dokar ɗa'a ta ICF ta hana soyayya tsakanin koci da wanda yake horarwa, amma aure halal ne, kuma a bayan wannan halacci wasu suke fakewa. Halaccin bai goge cewa matar ta buɗe cikinta ne ga wanda ta ɗauka uba ko malami ba, kuma ya san bashinta da tsoronta da rashin gatanta, abin da wani manemi ba zai sani ba. Sau da yawa ma ƙofar da ake shiga ta ita ce buɗe zucin kansa, inda malam zai fara da labarin rashin jin daɗin gidansa. Abin da amana take buƙata shi ne ya miƙa ta ga wata malama, ya janye daga shawarar gaba ɗaya, a bar lokaci ya wuce, sannan in da gaske yake ya bi ta hannun waliyyinta, kuma in ta ce a'a kada ta rasa taimakon da take samu.

Akwai kuma iyakar sani. An gina horar da rayuwa ne domin mai lafiya da yake neman ci gaba, saboda haka wanda ba ya barci, yake firgita da ƙarar babur, yake ganin abin da ya faru a daji yana dawo masa ido biyu, ko yake cewa gara ya mutu, ya wuce hurumin koci, kuma wurinsa asibiti ne, a Katsina ko a asibitocin ƙwaƙwalwa na Kware da Barnawa da Dawanau. Kocin da ya taɓa shiga irin wannan hali ya fita shi ne ya fi fuskantar hatsarin zaton cewa abin da ya fisshe shi zai fisshe kowa.

Saura tambayar da masu wa'azin iyaka suka fi mantawa da ita, wato ina mai shawara zai kai nasa. Charles Figley ya yi bayani a 1995 a kan gajiyar tausayi, ma'ana yadda sauraron azabar mutane yau da gobe yake cinye mai sauraron har ya koma ko dai dutse ko kuma mai saurin kuka. 'Yar agajin da muryarta ta karye a kan tabarma ba rashin tarbiyya ne ya sa ta ba. Ta yi magana a inda bai dace ba domin ba a tanadar mata inda ya dace ba. Sana'ar tana da abin da ake kira duba aiki, wato mai shawara ya riƙa zama da wanda ya fi shi gogewa yana kai masa abin da ya yi masa nauyi. Shirin Bencin Abota da Dixon Chibanda ya fara a Harare ta Zimbabuwe a 2006, inda aka horar da kakanni mata su saurari masu fama da yawan tunani a kan benci a harabar asibiti, bai bar kakannin su kaɗai ba, akwai masu duba aikinsu a sama da su. Ƙasar Hausa ma ta san tsarin tun ƙarni na 19, lokacin da malamai mata da ake kira jaji na ƙungiyar 'Yan Taru, waɗanda Nana Asma'u ta naɗa wa malfa, suke koyar da mata a ƙauyuka sannan su koma wurinta da tambayoyinsu. A gari kamar Jibiya, inda cire suna daga labari ba ya ɓoye mai shi, tunda ambaton ƙauye da yawan akuyoyi ya isa a gane ko wace ce, ya fi dacewa wanda zai saurari masu sauraro ya kasance daga wani gari, Katsina ko Maraɗi, kuma ƙungiyar da ta ɗauki 'yar agaji aiki ta sa kuɗin motar wannan tafiya a cikin kasafinta kamar yadda take sa kuɗin tabarmi da na magani.